Mutumin da Ya Bauta wa Kwamfuta da Alƙalamin Tawada



A shekarar 1957 wani saurayi ya je ofishin ɗaurin aure na birnin Amsterdam a ƙasar Holan. Dokar wurin ta ce sai an rubuta sana'ar ango a takarda. Da aka tambaye shi, ya ce shi mai tsara manhajar kwamfuta ne. Ma'aikatan suka ƙi rubutawa, suka ce ba su san da wata sana'a mai wannan suna ba. Tilas ya koma ga abin da ya karanta a jami'a, aka rubuta masanin fiziks. Sunan saurayin Edsger Wybe Dijkstra, ana furta shi kamar Daikstra. Shekara 15 bayan wannan rana aka miƙa masa lambar yabo ta Turing, wadda babu kamarta a ilimin kwamfuta, saboda wannan sana'ar dai da aka ce babu ita.

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta, ina ganinku a shagunan kwamfuta da ɗakunan kwanan ɗalibai, wani da tsohuwar laftof, wata da wayar hannu kawai, kuna bin darussan Python da JavaScript a YouTube har data ta ƙare. Wannan yana faranta mini rai ƙwarai. Amma akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani tare da ku wadda take damuna: yatsu suna riga kai isa wurin aiki. Da an ba mutum matsala sai ya buɗe na'ura ya hau bugawa, ya gwada, ta ƙi, ya canza layi ɗaya, ya sake gwadawa, ya kwafo wani guntu daga intanet ya liƙa, har Allah ya sa abin ya yi kamar yana aiki. In ka tambaye shi me ya sa ya yi aiki, sai ya yi murmushi. Dijkstra ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da wannan ɗabi'a, shi ya sa nake so ku san shi.

An haife shi a Rotterdam ranar 11 ga Mayu, 1930. Kwana uku bayan ya cika shekara goma jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza tsakiyar birnin, don haka ƙuruciyarsa a cikin mamaya da ƙuncin Yaƙin Duniya na Biyu ta wuce. Mahaifinsa malamin kimiyyar sinadarai ne, har ya taɓa shugabantar ƙungiyar masana fannin ta ƙasarsu. Mahaifiyarsa gwanar lissafi ce, ko da yake ba ta taɓa riƙe aikin albashi a kansa ba. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa ya taɓa tambayarta ko wani reshe na lissafi yana da wuya. Ta ce masa babu wuya, ya dai san ƙa'idojin sosai, kuma duk lokacin da ya ga amsarsa ta wuce layi biyar, to ya san ya saki hanya. Ku riƙe maganar nan ta uwa, domin duk wanda ya karanta rubuce-rubucen ɗan zai riƙa jin amonta har ƙarshe.

Da farko lauya ya so zama, yana burin wakiltar ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sakamakon jarrabawarsa ta 1948 ya nuna ƙarfinsa a kimiyya yake, iyaye da malamai suka ba shi shawara, ya tafi Jami'ar Leiden karatun lissafi da fiziks. A 1951 mahaifinsa ya ga sanarwar wani kwas na mako uku a Kambirij ta Ingila kan yadda ake ba kwamfuta umarni, ya tura shi. A watan Maris na 1952 Cibiyar Lissafi ta Amsterdam ta ɗauke shi aiki, ya zama mutum na farko a Holan da aka ɗauka musamman don tsara manhaja.

Ga wani abu da nake so ku tsaya a kansa. A shekarun farkon nan, sau da yawa na'urar da yake rubuta wa manhaja ba a ma gama ƙera ta ba. Shi da injiniyoyi biyu, Bram Loopstra da Carel Scholten, sukan zauna su rubuta dalla-dalla yadda na'urar za ta kasance da umarnin da za ta fahimta. Wannan takarda ta zama kamar yarjejeniya tsakaninsu. Su su tafi haɗa wayoyi, shi ya tafi teburinsa da takarda. Ba shi da inda zai gwada komai. Hanya ɗaya ta rage masa ya san ko abin da ya rubuta daidai ne: ya bi shi da hankali, mataki bayan mataki, har ya gamsar da kansa da hujja.

Na san da yawanku kuna kukan rashin na'ura, da ɗauke wuta, da tsadar data. Kukan gaskiya ne, ba na raina shi, kuma ina fatan Allah ya hore muku. Sai dai sa'o'in da wuta ba ta nan ba matattu ba ne. Littafin rubutu na makaranta da biro sun isa a yi mafi wahalar ɓangaren aikin, wato gane mene ne ainihin matsalar da yadda za a warware ta. Idan wuta ta dawo, bugawa ce kawai ta rage.

Wajen 1955 ya shiga ruɗani. Fiziks ilimi ne mai daraja da manyan malamai da littattafai, shi kuwa tsara manhaja ba shi da ko ɗaya. Ya je ya ƙwanƙwasa ofishin maigidansa, Adriaan van Wijngaarden, ya zayyana masa damuwarsa. Dattijon ya saurare shi tsaf, ya yarda cewa fannin bai zama ilimi ba tukuna, sannan ya nuna masa cewa kwamfuta ta zo ke nan ba za ta koma ba, yanzu aka fara, me zai hana ya kasance cikin waɗanda za su mayar da aikin ilimi mai mutunci? Dijkstra ya ce ya fito daga ofishin nan wani mutum daban. Ya kammala fiziks a gurguje, ya rungumi sabuwar sana'a. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In kuna da babba a fanninku wanda zai zauna ya saurare ku, kada girman kai ko kunya su hana ku ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Yanzu ga aikin da ya fi shahara da shi. A 1956 cibiyar tana shirin ƙaddamar da sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC, ana neman abin da za a nuna wa baƙi waɗanda ba masana lissafi ba, tambayar da kowa zai gane, amsar ma kowa zai gane. Dijkstra ya zaɓi wannan: wace hanya ce mafi gajarta daga wani gari zuwa wani, misali daga Rotterdam zuwa Groningen? Ya rage taswirar ƙasar zuwa garuruwa 64, domin gurabe shida na sifili da ɗaya sun isa su bambance 64 daidai. Wata safiya ya fita sayayya da budurwarsa Ria, suka gaji, suka zauna a gaban wani shagon shan gahawa. Yana zaune yana tunani, cikin kamar minti 20 dabarar ta haɗu a kansa, babu takarda babu fensir.

Bari in nuna muku ita da misalin da za ku iya bi da ka. A ce daga gidanku zuwa masallaci minti 2 ne, daga gida zuwa tasha kai tsaye minti 7. Daga masallaci zuwa tasha minti 3, daga masallaci zuwa kasuwa minti 10, daga tasha zuwa kasuwa minti 4. Kana son isa kasuwa. Ka fara daga gida, ka rubuta wa kowane wuri da kake iya kaiwa adadin wucin gadi: masallaci 2, tasha 7. Ka ɗauki mafi ƙanƙanta, wato masallaci, ka ce wannan ya tabbata. Daga nan ka duba ko bi ta masallaci zai rage wa wani wuri nisa. Tasha ta sauko daga 7 zuwa 5, kasuwa ta samu 12. Mafi ƙanƙanta cikin waɗanda ba su tabbata ba yanzu tasha ce, 5, sai ka tabbatar da ita. Ka sake dubawa: ta tasha, kasuwa ta sauko daga 12 zuwa 9. Amsa ta fito, minti 9, ta masallaci sannan tasha.

Wanda ya haddace matakan nan ya samu rabin abin. Sauran rabin shi ne tambayar da Dijkstra ba ya taɓa tsallakewa: me ya ba ka tabbacin cewa wurin da ka tabbatar ba za a sami wata gajeriyar hanya zuwa gare shi daga baya ba? Dalilin shi ne, kowace hanya dabam dole ta ratsa ta wani wurin da bai tabbata ba, wanda nisansa ya riga ya kai ko ya wuce na wanda ka ɗauka, kuma babu titin da tsawonsa ya gaza sifili balle ya rage maka abin da ka riga ka taka. Da ka gane wannan, ka kuma gane inda dabarar za ta gaza: ranar da aka kawo maka matsala mai adadin da ke ƙasa da sifili, kamar lissafin riba da hasara, ba za ka dogara da ita ba. Mai hadda kawai ba zai san haka ba sai ta kayar da shi.

Ya ce daga baya cewa ɗaya daga cikin dalilan kyawun dabarar shi ne rashin takarda da fensir a lokacin, domin hakan ya tilasta masa guje wa duk wata sarƙaƙiya da za a iya guje mata. Sai a 1959 ya wallafa ta a mujallar Numerische Mathematik, a maƙala mai shafi uku, tare da wata dabarar da ya ƙirƙiro don rage yawan wayar jan ƙarfe da za a yi amfani da ita a bayan wata sabuwar na'ura. Yau na'urorin da ke zaɓa wa saƙonni hanya a cikin manyan hanyoyin sadarwa na intanet suna aiki da ita, kuma manhajojin taswira da ke nuna wa direba hanya a waya sun ginu ne a kan jikokinta. Kalmar algoridim da ake kiran irin wannan jerin matakai da ita kuwa, daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

A 1959 ya sami digirin digirgir. A 1960 shi da abokin aikinsa Jaap Zonneveld suka kammala tafintan farko na harshen ALGOL 60, wato manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura ke fahimta. Sun yi alkawarin ba za su aske gemu ba sai sun gama. Da suka gama Zonneveld ya aske, Dijkstra ya bar nasa har ƙarshen rayuwa. A 1962 ya zama farfesa a Eindhoven.

A can ya tunkari matsalar da har gobe take kayar da ƙwararru: me zai faru idan ayyuka da yawa suna gudana lokaci guda a na'ura ɗaya, suna taɓa abu ɗaya? Ku ɗauki asusun banki mai naira dubu goma. Mutum yana cire dubu takwas a wurin mai POS, a daidai wannan daƙiƙa wani biyan kuɗi na dubu takwas yana fita ta waya. Kowane aiki ya leƙa ya ga dubu goma, kowanne ya ce kuɗi sun isa, kowanne ya biya. An fitar da dubu goma sha shida daga asusun dubu goma. Irin wannan kuskure yana da mugun hali, domin za ka gwada sau dubu bai bayyana ba, sai ranar da ayyukan biyu suka yi karo a daidai gaɓar. Dijkstra ya kawo maganin da ya aro sunansa daga siginar layin dogo: kafin aiki ya shiga wurin da ake tarayya a kansa sai ya nemi izini, in wani yana ciki ya jira, in ya fito ya saki izinin. Haruffan P da V da ya sa wa matakan biyu daga kalmomin harshensu na Holan ya ɗauko su, kuma haka duniya ta karɓe su.

Ya kuma lura cewa jiran kansa yana iya zama bala'i. Ya ba ɗalibansa misalin da daga baya abokinsa Tony Hoare ya yi wa laƙabin masana falsafa masu cin abinci: mutum biyar a teburi, taliya a gabansu, cokula masu yatsu guda biyar, ɗaya tsakanin kowane mutum biyu, kuma ba a iya ci sai da biyu. In kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda, kowa zai zauna jiran na damansa har abada. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a mararraba inda motoci huɗu suka sa kai, kowa na jiran wani ya ja baya, ya ga wannan da idonsa. Da 'yan mutane kaɗan ya gina babbar manhaja mai suna THE da ke tafiyar da na'ura, ya jera ta hawa-hawa, kowane hawa yana dogara ne kawai da na ƙasa da shi, yadda za a tabbatar da ingancin ɗaya kafin a ɗora na gaba. Magini ma ba ya ɗora bene sai ginshiƙi ya bushe.

A watan Maris na 1968 mujallar Communications of the ACM ta buga wata gajeriyar wasiƙarsa da ta tayar da ƙura. A lokacin masu manhaja suna yawan amfani da umarnin GO TO, wanda ke cewa na'ura ta bar inda take ta yi tsalle zuwa wani layi. Dijkstra ya ce yawan tsallen nan yana raba abin da ke rubuce a takarda da abin da ke faruwa a cikin na'ura, har mai karatu ya kasa cewa ga inda aka kwana. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi iya riƙe abin da ke tsaye a jere fiye da abin da ke ta sauyawa, don haka a rubuta manhaja yadda bin ta da ido zai yi daidai da gudanarta. Kanun da ya shahara, mai cewa umarnin cutarwa ne, ba shi ya sa ba, editan mujallar Niklaus Wirth ne ya canza wanda ya aiko da shi. A shekarar ne kuma aka yi taro a Garmisch ta Jamus inda manyan fannin suka fito fili suka amsa cewa manyan manhajoji suna makara, suna cin kuɗi fiye da kima, kuma cike suke da kurakurai.

Kada ku zaci tafiyar duk daɗi ce. Shi da kansa ya rubuta cewa a ƙarshen shekarun 1960 sashen da yake aiki bai ɗauki ilimin kwamfuta da daraja ba, aka tarwatsa tawagarsa, ya faɗa cikin matsanancin baƙin ciki. Abin da ya fitar da shi rubutu ne. Ya zauna a 1969 ya rubuta dogon bayani kan tsara manhaja bisa tsari, wanda ya fito a littafi a 1972 tare da ayyukan Ole-Johan Dahl da Tony Hoare, ya sauya yadda ake koyar da fannin a duniya. Wanda a cikinku aka raina aikinsa, ko ya ji zuciyarsa ta yi nauyi har ya kasa taɓuka komai, ya sani manya ma sun bi ta nan. Ya faɗa wa wani na kusa da shi, kada ya rufe ƙofa shi kaɗai.

A cikin wannan rubutu ne ya kafa hujjar da nake so kowannenku ya fahimta. Gwaji yana iya nuna maka akwai kuskure, amma ba zai taɓa nuna maka babu ba. Ya ba da misali da sashen na'ura mai ninka lambobi biyu, kowace mai gurabe 27. Yawan nau'in lissafin da zai yiwu ya haura 18,000,000,000,000,000. Ku lissafa da kanku: ko na'ura tana gwada miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta shekara sama da 570 ba ta gama ba. Wannan kuwa ninkawa ce kawai. To ina ga manhajar asibiti ko ta banki? Wanda ya gwada sau goma ya ce ta yi, ya ɗebi cokali ɗaya ne daga kogi. Gamsuwa ta gaskiya daga fahimtar ginin take zuwa, kuma ba a fahimtar gini sai mai sauƙi ne.

Jawabin da ya yi ranar karɓar lambar Turing a 1972 ya sa masa suna The Humble Programmer, wato mai manhaja mai tawali'u. Abin da yake nufi shi ne ƙwararre na gaskiya ya san ƙoƙon kansa ƙarami ne, ba zai iya riƙe abubuwa da yawa lokaci guda ba, saboda haka yana gudun dabarun burgewa kamar yadda ake gudun annoba. Na sha ganin matashi ya cusa aiki biyar a layi ɗaya don abokai su ce ya iya. Bayan wata uku shi kansa ba ya gane abin da ya rubuta. Wanda ya gaje shi a wurin aikin kuwa sai dai ya yi ta Allah ya isa.

A 1973 kamfanin Burroughs ya ɗauke shi mai bincike, aka bar shi ya yi aiki daga ɗakin karatunsa a gidansa da ke ƙauyen Nuenen. Ranar Talata kawai yake zuwa jami'a, inda shi da abokai suke zama da la'asar su karanta maƙala layi-layi, su tattauna hujjarta da ma yadda aka rubuta ta. A 1976 ya fitar da littafin A Discipline of Programming, inda ya nuna yadda za a gina manhaja da hujjar ingancinta tare, hannu da hannu. A 1984 ya koma Jami'ar Teksas da ke Austin a Amurka.

Mafi yawan abin da ya bari ba littattafai ba ne. Wasu takardu ne da yake sa wa haruffan sunansa, EWD, da lamba a jere, har suka kai 1318. A cikinsu akwai hujjojin lissafi, da rahoton tafiye-tafiye, da jawabai, da ra'ayoyi masu zafi. Da farko da tafireta yake bugawa, daga baya ya koma rubutun hannu da alƙalami mai shan tawada. In ya gama sai ya yi kwafi kaɗan ya aika wa abokai ta gidan waya, su ma su kwafa su aika gaba, kamar dai yadda almajirai a ƙasarmu suka riƙa kwafar littattafan malamai da hannu suna yaɗawa gari-gari. Wanda zai rubuta da tawada dole ya gama jimlar a kansa kafin alƙalami ya taɓa takarda, domin babu maɓallin gogewa. Wannan horon ne yake so. Har kusan ƙarshen rayuwarsa bai damu da mallakar kwamfuta ba, da ya samu ma saƙonni da leƙa intanet ya fi yi da ita.

A ɗaya daga cikin takardun, ta 1975, ya faɗi maganar da ta fi shafarmu. Ya ce bayan son lissafi, babu jarin da ya fi wa mai tsara manhaja amfani kamar ƙwarewa ta musamman a harshen da ya tashi da shi. Mutumin da ya faɗi haka ya koyi Girkanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da Turanci a sakandare, kuma yawancin rubutunsa da Turanci ya yi. Don haka ba cewa yake ku bar Turanci ba, ni ma ba zan ce ba. Ku koye shi da kyau, littattafan fannin da shi aka rubuta su. Abin da ke ba ni tsoro shi ne matashin da Hausarsa ta raunana, Turancin kuma bai ƙarfafa ba, ya zama ba shi da harshe ko ɗaya da zai yi tunani mai tsawo a cikinsa. Irin wannan yakan ɓuya a bayan manyan kalmomin da bai san cikinsu ba. Hausa ba ta barin mutum ya ɓuya haka. In ka ce za ka yi wa Inna ko ƙaninka bayanin abin da manhajarka take yi da Hausa tsantsa, nan take za ka ga inda fahimtarka take da rami.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Harshensa yana da kaifi, wani lokaci har ya wuce kima. Ya taɓa cewa ɗaliban da suka fara da harshen BASIC sun lalace ba su gyaruwa, ya yi wa COBOL da masu koyar da shi magana mai muni. A nan bai yi daidai ba, domin ƙwararru da yawa da BASIC suka fara, kuma maganganun sun ɓata wa mutanen kirki rai ba tare da sun ƙara wa hujjarsa ƙarfi ba. Masanin kwamfuta Donald Knuth ya rubuta doguwar maƙala a 1974 yana nuna wuraren da GO TO ke da amfani, cikin ladabi da hujja. Burin Dijkstra na a tabbatar da kowace manhaja da lissafi bai zama ruwan dare ba, sai a wuraren da kuskure ke iya cin rai ko dukiya mai yawa, kuma gwaji yana nan daram a matsayin wajibi. Ku gwada abin da kuka rubuta, ku gwada sosai. Na kuma roƙe ku, kada wanda bai kai ko kusa da iliminsa ba ya ari kaifin bakinsa ya riƙa yanka 'yan'uwansa masu koyo a dandalin sada zumunta. Ɗalibansa na Austin sun shaide shi da wani hali dabam: yakan ɗauki hotonsu a farkon zango don ya haddace sunayensu, jarrabawarsa kuma ta baki ce, ɗalibi ɗaya a lokaci guda, ya zauna da shi sa'o'i yana sauraron yadda yake tunani.

Ku kuna da abin da shi bai gani ba, manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuto muku layi ɗari kafin ku ƙifta ido. Ku yi amfani da su, ban hana ba. Amma ranar da manhajar ta lissafa wa majiyyaci maganin da ya wuce kima, ko ta haɗiye albashin ma'aikaci, ko ta sauya wa ɗaliba sakamakon jarrabawa, ba na'urar za a tambaya ba, a duniya ko a lahira. Wanda ya miƙa aikin ya ce ya kammala shi za a tambaya. Amana ce, kuma yawan abin da na'ura ke iya rubutawa ya ƙara wa mai iya karantawa da tantancewa daraja ne.

Dijkstra ya yi ritaya a 1999, ya koma Nuenen, ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 6 ga Agusta, 2002, yana da shekara 72. Jami'ar Teksas ta tattara takardunsa ta sa a intanet kyauta, da yawansu da rubutun hannunsa. Ku nemi mai lamba 340, shi ne jawabin tawali'u, ku karanta shi a hankali ko da zai ɗauke ku mako guda da ƙamus a gefe. Kafin nan kuma, aikin da ke gabanku yanzu, ku rufe na'urar tukuna, ku ɗauki takarda ku rubuta da Hausa abin da ake so manhajar ta yi, da dalilin da ya sa kuke ganin hanyarku za ta kai, sannan ku karanta wa wani a gida ku ga ko ya gane.